Ba a wannan filin Mandela ya tsaya ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, shirinku na wasanni na ranar Asabar ne ya hana ni sakat. Mai gabatarwa ya dage cewa filin Yankee, na ƙungiyar wasan besbol ta Yankees, da ke tsaye yau a unguwar Bronx ta New York ya haura shekara 100, wai kuma a cikinsa Mandela ya yi jawabi. Haba! Wa ya gaya masa? A 2009 aka buɗe ginin nan. Autata ma ta girme shi.

Na ainihin, na 1923, wanda shahararren ɗan wasan besbol Babe Ruth ya doka ƙwallo ta faɗa cikin 'yan kallo ranar da aka buɗe shi, yana tsallaken titi na 161. A Satumbar 2008 aka buga wasan besbol na ƙarshe a cikinsa, aka gama rushe shi a 2010. A kan idona aka yi. Tasi nake ja a lokacin, duk ranar da na biyo River Avenue ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa mai lamba 4 sai in tarar an ƙara gutsure wani gefe, ƙarafa a waje kamar haƙarƙarin sa a mahauta.

Zancen Mandela kuwa ba labari aka ba ni ba, ina wurin. Yunin 1990 ne, wata huɗu da fitowarsa daga kurkuku. Na ajiye mota, na haƙura da cinikin ranar. Can ƙololuwar bene na samu kujera, inda da ƙyar nake hango furfurar dattijon, har magajin gari David Dinkins ya ɗora masa hular ƙungiyar, wuri ya kaure da sowa. Wani ɗan zangon Kumasi da ke gefena kuka yake yi wiwi, yana share hawaye da hannun riga. Shi ne za ku kwashe wannan rana ku kai ta ginin da ko harsashinsa ba a haƙa ba? Damben Muhammad Ali da Ken Norton na 1976 ma can kuka jefa shi, alhali a tsohon aka yi.

Inda tsohon yake yanzu filin wasan jama'a ne, Heritage Field ake ce masa, an yi shi ne a madadin filin shaƙatawa na Macombs Dam da aka gina sabon a kansa. Nan nake kai jikokina ranar Lahadi, ina nuna musu wajen da na zauna, sama can inda babu komai yanzu sai iska. Ga shi babban cikinsu ya ji shirinku, yana tambayata ko na ruɗe ne. Ku gyara a shiri na gaba, don Allah, kuma da bakin wanda ya yi kuskuren.

Sannan wannan maimaicin da kuka mayar ƙarfe uku na dare agogonmu, wa kuke so ya saurara? Sau biyu ina aiko saƙo a kai, ba a karanta ko ɗaya ba, amma gaishe-gaishen 'yan biki kullum sai sun cinye rabin fili.

Naku mai saurare,
daga Bronx, New York