Mashigin Suez: dan Allah a riƙa faɗa mana nawa jirage ke biya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kuna lafiya, ya aiki ya ƙoƙari. Na rubuto ne kan labaran mashigin Suez da kuke kawo mana, kullum sai dai a ce jirage sun ƙaurace masa saboda hare-haren 'yan tawayen Huti na Yaman a Bahar Maliya, Masar ta tafka asara, shi ke nan a wuce wani labarin. To asarar me? Wallahi da yawa sun ɗauka teku ce kawai jirgi ya zo ya wuce abinsa.

Alhali mashigin haƙa shi aka yi, aka buɗe a 1869, kilomita 193 daga Bur Sa'id zuwa garin Suez. Jirgi ba ya shiga gaba gaɗi, sai ya yi rajista tun kafin ya iso, ya saki anga yana jira a sa shi cikin ayari, wani daga arewa wani daga kudu. Sannan matuƙin hukumar mashigin ya hau ya tsaya kusa da kyaftin yana nuna masa hanya, ana tafiya sannu a hankali kamar gudun keke don kar igiyar ruwa ta zaizaye gaɓa, awa 12 zuwa 16 kafin a fita. Har ƙaramin kwalekwale da masu ɗaure igiya ake ɗora wa jirgin ko da za a tsaya a hanya, kuma duk wannan a aljihun mai jirgi yake.

Kuɗin wucewar kuwa ba ɗaya ba ne, ana auna girman cikin jirgin ne, a duba tanka ce ko na kwantena, da kaya ko wayam. Ƙaton jirgin kwantena yakan biya sama da dala rabin miliyan a wucewa ɗaya tak. Kuma suna biya, don in ba nan ba sai a zagaye Afirka ta ƙasa, ƙarin kwana goma ko fi, ga mai ga albashin ma'aikata ga kaya sun makara. Masar da wannan zagayen take auna farashinta, in ta tsawwala a guje ta, shi ya sa a watan Mayun 2025 ta yi wa manyan jiragen kwantena rangwamen kashi 15 cikin 100 don su dawo. A 2023 mashigin ya samar mata sama da dala biliyan 10, a 2024 ya faɗo wajen biliyan 4, ƙasar da ke neman dala ido rufe.

Shi ya sa raina ya ɓaci da Trump ya ce a bar jiragen Amurka su wuce kyauta. Wa zai biya kuɗin yashe rairayi? Da ƙaton jirgin kwantenan nan Ever Given ya maƙale a mashigin kwana shida a 2021 ai ma'aikatan mashigin ne suka kwana suna haƙa a ƙarƙashinsa. Da Nasir, shugaban Masar na lokacin, ya karɓe mashigin a 1956 har yaƙi aka yi da Masar a kansa.

Dan Allah ku gayyato masani a yi shiri guda kan wannan, a haɗa da na Panama da yadda fari ya rage masa jirage a 2023.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro a kullum