A faɗa wa baƙo kuɗin ɗaki gaba ɗaya tun daga bakin ƙofa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina da ɗan ƙaramin masauki a nan Maradi, yawancin baƙina ƴan kasuwa ne daga Katsina, Jibiya da Damagaram. Kwanan nan wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in rage kuɗin ɗaki a allo, in baƙo ya shigo sai in ɗora masa kuɗin kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, da na intanet daban, wai haka manyan otal na Amurka suke yi. Shawarar ta dame ni, shi ya sa na rubuto.

Gaskiya ne, ana yin haka a can. A Las Vegas da Hawaii mutum zai kama ɗaki, sai a ƙara masa wani kuɗi na dole kowane dare, da sunan tafkin wanka, ɗakin motsa jiki da intanet. A wasu otal na Las Vegas yakan kai dalar Amurka 50, wajen jika 30 ke nan a kuɗinmu. Ko bai leƙa tafkin ba, sai ya biya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Matafiyi yanzu yana buɗe shafin kama ɗaki na intanet, kamar Booking.com ko Expedia, ya jera otal daga mai araha zuwa mai tsada. A da, wanda ya yanke wani ɓangare na farashinsa ya ɓoye, shi ke hawa sama, mai gaskiya kuma ya koma ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Sai kuma maganar la'ada. Waɗannan dillalai na intanet suna cire rabonsu daga kuɗin ɗaki, sau da yawa kashi 15 cikin ɗari ko fiye, don haka abin da otal ya karɓa a gefe yakan shiga aljihunsa cif. Da Booking.com ya farga, a 2019 ya sanar cewa zai fara cire la'ada har daga wannan ƙarin.

Amma abokina bai ji ƙarshen labarin ba. A 2019 babban lauyan birnin Washington ya kai kamfanin otal na Marriott ƙara a kan wannan ɗabi'a, kuma tun watan Mayu na 2025 dokar hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta tilasta wa otal su nuna jimillar farashi tun farko. Ba a hana ƙarin ba, ɓoye shi aka hana.

Na san zafin aljihun mai masauki. A watan Afrilu, in wuta ta ɗauke, man janareto kaɗai na iya cinye ribar dare. Wannan kuwa cikin kuɗin ɗaki ya kamata ya shiga. Mai hatsi a kasuwa ba ya ce maka tiya kaza ce, bayan ya auna ya ce kawo kuɗin tiyar da aka auna da ita. Baƙon da ya kwana a hanya, ya sauke kaya da tsakar dare, ba shi da ƙarfin musu, kuma karɓar kuɗi a hannunsa a wannan hali cin amana ne. Ciniki sai da yarda, yarda kuwa sai an san farashi.

Ina roƙon ƴan uwana masu masauki, kowa ya rubuta farashi ɗaya a allo, da haraji da komai a ciki. In ɗaki mai kilim jika 15 ne, a rubuta jika 15. Mai fanka a rubuta nasa daban, baƙo ya zaɓa. Matafiya kuma, kafin ku karɓi makulli ku tambaya: nawa ne duka, har gobe da safe?

Naku,
Mai masauki a unguwar Zariya, Maradi