Amsa ga ƙanena: maganar mawaƙin nan ba kirari ba ce

Assalamu alaikum, ƙanena.

A taron matasa a Gusau ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: mawaƙin nan da ya ce a hirar rediyo namijin da ba a tsoronsa ɗan daudu ne, mace kuma ba ta ganin girman miji sai ta sha hannu, ba kirari kawai yake yi ba, irin na mawaƙan maza? Lokaci ya ƙure kafin in amsa. To a'a, ba kirari ba ne.

Waƙar maza ba baƙuwarmu ba ce. Kassu Zurmi ɗan ƙasar nan ne, 'yan tauri da mafarauta ya yi wa kiɗa. Ɗan Anace kuwa in ya zuga ɗan dambe sai ka ga jikinsa na tsuma. Amma je ka tsaya bakin fage ka duba da kyau. Mutum biyu ne, kowa ya shigo da ƙafarsa, kowa ya ɗaure hannu da kara, kowa ya san abin da ya kawo shi. Da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, masu rabo su shiga tsakani, makaɗi ya juya kiɗa. Wanda ya ƙara wa na ƙasa naushi, ihu za a yi masa har ya bar garin. Duk zafin zugar, a nan take tsayawa.

Shi mutumin naka ba kalangu a bayansa, ba 'yan amshi. Yana zaune aka yi masa tambaya, ya amsa cikin hankalinsa. Kuma wadda ya nuna da yatsa ba abokiyar karawa ba ce. Matar da ke ɗakinta, yaushe ta ɗaura kara?

Gorin daudun ne ya fi ci mini rai. Yaro ɗan shekara 15 da ya ƙi rama duka, ko ya ɗebo wa uwarsa ruwa, a majalisa da wannan gorin ake karya shi, har ya fara neman wanda zai gwada wa ƙwanji, kuma kullum mai rauni yake samu. Alhali Manzon Allah (SAW) ya faɗa mana mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Sannan a ina ake wannan magana? A jihar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021. Masu wannan aikin ma ai tsoronsu ake yi. In tsoro ne ma'aunin namiji, mawaƙin ya riga ya ba su kambu, ko bai yi niyya ba.

Ban ce a hana shi waƙa ba, muryarsa baiwa ce. Ku da kuke saurarensa ku nemi ya koma gidan rediyon, a sake yi masa tambayar, a sa masa sunan ƙanwarsa a ciki.

Yayanka, daga Gusau.