Ƙamshin Suya a Kolon, Kwana Biyu Kafin Azumi

Kolon, Jamus
Litinin, 16 ga Fabrairu, 2026

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya ke da Baba da su Yaya da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyi, wanda har yanzu jikina bai gama sabawa da shi ba.

Yau ba aiki a wurinmu. Ranar babban biki ce a garin nan, suna kiranta Rosenmontag. Ina rubuta miki takardar nan ina jin ganguna da algaitunsu ta taga, jama'a sun cika titi da kaya kala-kala, motoci na wucewa a jere ana watsa alewa da cakulan, yara na ihun "Kamelle!" suna tarewa da jaka. Tun 1823 suke wannan jerin gwano, kuma ko kusa bai kai hawan Daushe kwarjini a idona ba, amma murnar yaran iri ɗaya ce. Na leƙa da safe na dawo, don giya ta yi yawa a hanya, kin kuwa san ba wurin zamana ba ne.

Abin da ya sa na ɗauki biro dai suya ce. Mako guda ke nan duk gidan burodin da na wuce sai ƙamshin mai da sukari ya tare ni, na tuna madafarki a goman farko na azumi. Jibi Laraba Kiristocin nan za su fara azuminsu na kwana arba'in, ban da ranakun Lahadi, har zuwa Ista, wadda bana ta faɗo 5 ga Afrilu. A zamanin da, idan azumin ya kama, ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. To mai gida da kajinta ke ta saka ƙwai, ga tukunyar mai a ajiye, yaya za ta yi? Sai ta haɗa su da fulawa ta soye tas kafin Laraba, a ci a ƙoshi, kada a yi asara. Daga nan al'adar ta samo asali. A kudu maso yammacin ƙasar ma Alhamis ɗin da ta wuce sunanta Alhamis ɗin maiƙo. Yanzu yawancinsu sun sassauta, wani ya bar zaƙi, wani ya bar nama ko giya, wani ma ba ruwansa da coci, amma suyar ba wanda ya bari.

Sarkin kayan suyar shi ne wanda a nan ake kira Berliner. Ki ɗauka fanke ne ya yi ƙiba ya kai dunƙulen hannu, sai dai ƙullinsa ba ruwa-ruwa ba ne, kwaɓi ne mai yis da madara da ƙwai da bota, a mulmula a bar shi ya tashi sau biyu. Idan aka jefa a mai yawo yake a sama, a soya gefe ɗaya a juya, shi ya sa ake samun wani farin ɗamara a tsakiyarsa inda man bai taɓa ba. Da ɗamarar nan suke gane gwani. Bayan ya huce a ɗura masa jam a ciki da wani abu kamar sirinji, a barbaɗe shi da sukari. Sunan ma rigima ne. A Bavariya da Ostiriya Krapfen ne, a wajen Frankfurt Kreppel, mutanen Berlin ɗin kuwa da aka laƙaba wa sunan ba su san shi da haka ba, Pfannkuchen suke cewa. Akwai kuma tsokana: a cikin faranti guda a ɓoye ɗaya da aka cika da mastad mai hawa hanci, a zuba ido a ga wa zai gatsa.

Kada hankalinki ya tashi, ina kula. Asali da kitsen alade da yawansu ke suyar, ko da yake yanzu gidajen burodi sun fi amfani da man tsirrai. Wasu kuma ana sa musu wata giya mai ƙwai a ciki. Ban taɓa saya ban tambaya ba, kuma gaskiya suna faɗa ba ɓoye-ɓoye.

Tsohuwar nan ta ƙasan benenmu da nake ba ki labari, wadda nake kira Oma, wato kaka, ita ta kira ni ranar Alhamis. Ta haura tamanin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Ta ce shekara uku rabonta da suyar biki don ba ta iya tsayuwa kan tukunya, amma in zan riƙe mata matsami za ta yi kwaɓi. Inna, da na shiga sai na tarar ta aika an sayo Butterschmalz musamman saboda ni. Na buɗe na shinshina, man shanu ne soyayye, irin wanda kike narkawa ki zuba mana a tuwo, illa dai nasu bai kai namu ƙamshi ba. Giyar da ake ɗigawa a kwaɓin ma ta ce bana an yafe ta.

Abin da muka yi na mutanen yankin nan ne, Muuzemändelcher, ƙanana kamar ɗigon hawaye, da niƙaƙƙen almon, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa, a ciki. Ɗan'uwan cincin ne, sai dai ya fi laushi. Tana zaune kan kujera tana murza kwaɓin da hannayenta masu rawa, tana fitar da su da wani tsohon ƙarfe da ta gada wurin mahaifiyarta. Da za ta gwada zafin mai sai ta tsoma ƙotar cokalin katako, ta ce in ƙananan kumfa sun taso ya yi. Na ce ai ke ɗan ƙulli kike ɗigawa. Ta tambaye ni me kike soyawa, na lissafa mata ƙosai da fanke da funkaso, na gaya mata yadda kike tashi tun kafin la'asar ki surfa wake, mu kuma muna zagaye da ke muna ƙirga wanda ya fi girma. Ban san hawaye sun zubo ba sai da ta miƙo mini tsumma. Ta zuba mini rabi a gwangwani, rabi kuma ta sa na kai wa maƙwabta ƙofa-ƙofa, kamar yadda kike aiken Auta da kwanon buɗa-baki.

Bana abin ya zo da daɗi, azuminsu da namu kusan rana ɗaya za su kama, tunda mu ma gobe ko jibi ake duban wata. Da na gaya mata ta yi murna sosai, ta ce ita ranar Laraba za ta je coci a shafa mata toka a goshi, ta ci kifi, ta bar zaƙi har Ista. Na yi mata alkawarin ƙosai ranar Asabar, don wake da albasa ba su karya mata doka. Na samo wake a shagon 'yan Afirka, ina roƙo ki sa Auta ta turo mini muryarki ki sake gaya mini yadda kike buga ƙullin, nawa kullum shan mai yake.

Azumin nan ba zai yi tsawo ba, wajen ƙarfe shida za mu riƙa shan ruwa. Na tura wa Yaya saƙo na gero da sukari da mai, a cire na Gwaggo a kai mata. A gaishe da Baba da kyau, a ce ya sa ni a addu'a. Idan an ga wata ku kira ni ko da dare ya yi.

Wassalam,
Taki 'yarki