Waswasin Yara Ciwo Ne, a Nuna Mana Inda Za Mu Je

Malam Edita,

Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 11 takan shafe kusan awa guda a kan alwala. Ta wanke hannu, ta ce bai wanku ba, ta sake, har fatar yatsunta ta tsattsage, buta uku ba ta isarta. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce taurin kai. Mun yi addu'a, mun je wani asibiti, aka ba ta maganin barci aka sallame mu.

Sai da muka kai ga likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika muka ji sunan ciwon, OCD, wato ciwon waswasi mai sa mutum ya yi ta maimaita abu ɗaya, kuma yana da magani. Ana koya wa yaro sannu a hankali ya jure fargabar ba tare da maimaita wankin ba, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi. Wallahi da mun san haka da wuri, da ba ta sha dukan da ta sha ba.

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwanni da malaman Islamiyya, su gane alamomin, su tura iyaye wurin ƙwararru.

Wata uwa,
Tudun Wada, Zariya