Wasiƙa zuwa ga ɗana kan allon karatun da zai saya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Saƙonka ya iso ni, inda kake neman shawarata kan allon nan mai tawadar lantarki da kake son saya don karatu da rubutu, ko mai launi ko baƙi da fari. Ni dai a ganina baƙi da fari ya fi dacewa da kai.

Yawancin masu launin da ke kasuwa, irin su Kobo Libra Colour da Kindle Colorsoft da suka fito a 2024, suna amfani ne da fasahar Kaleido ta kamfanin E Ink. Asalin fuskarsu baƙi da fari ce, sai aka shimfiɗa mata wani siririn mayafi mai tace launi, kuma wannan mayafin yana tare wani kaso na haske, shi ya sa shafin yake yin duhu kamar tsohuwar jarida, har sai mutum ya kunna fitilar allon ko da rana tsaka. Fitila kuwa batir take sha, kai kuma ka fi ni sanin halin wuta a ɗakin kwanan ɗalibai. Launin da za ka biya ƙarin kuɗi dominsa ma a dusashe yake: kala 4,096 ne, a kan ɗigo 150 a kowane inci, alhali baƙin rubutu yana kan 300.

Kai shari'a kake karantawa. Abin da idonka zai wuni a kai shi ne hukunce-hukuncen kotu da littattafan fiƙihu masu ƙananan wasula da sharhi a gefe, waɗanda ba sa buƙatar komai sai farin shafi da baƙi mai kaifi. Da likitanci kake yi, inda sai an bambance jijiyar da aka zana da ja daga wadda aka zana da shuɗi, da na ce maka akasin haka. Na san za ka kawo mini zancen Alƙur'anin tajwidi mai launuka. Wannan ai kana da na takarda, kuma ya ishe ka.

Ka fi mai da hankali ga girman fuska. Kada ka ɗauki wanda bai kai inci 10 ba, domin shafin PDF yana matsewa a kan ƙarami. Kindle Scribe na 2024 inci 10.2 ne kuma yana da fitila, reMarkable 2 kuwa yana da daɗin rubutu amma ba shi da ita, wanda hakan matsala ce ga mai karatun dare. Ka haɗa da ƙarin bakin alƙalami, saboda yana cinyewa, ka kuma sayi marfi mai ƙarfi, don gilashin ba ya jure matsi a cikin jaka.

Idan ka tsayar da shawara, ka turo mini farashin kafin ƙarshen wata. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.