Kuɗin ƙaramar hukuma: kafin a yi ta ihun 'yanci, a nuna mana su wa ke karɓar albashi

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ɗan ba ni fili in faɗi abin da ya daɗe yana damuna game da ƙananan hukumomi.

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi, duk inda ka juya, rediyo ne ko Facebook, maganar ɗaya ce: 'yanci, 'yanci. Ni ma ina so. Amma fa na yi aiki a sakatariyar wata ƙaramar hukuma har na yi ritaya, kuma wallahi ko gobe kuɗin nan suka faɗo hannun ciyaman ba tare da sun bi ta joyin akawun, wato asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ba, in dai yadda ake ɗaukar ma'aikata da yadda ake rubuta kasafi bai canza ba, to talaka ba zai gani a ƙasa ba.

Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.6 cikin ɗari ne. Kafin ya iso an cire albashin malaman firamare, an cire na fansho, an cire na masarauta, ga kuma abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa da jiha. Abin da ya rage kuma albashin ma'aikata ne ke cinye mafi yawansa. Kenan wanda ke riƙe da takardar albashi shi ke riƙe da kasafin gaba ɗaya, sauran duk rubutu ne.

To wa ke shiga wannan takarda? Daga mataki na 07 zuwa sama hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗauka, daga 01 zuwa 06 kuwa a gida ake yi, kuma a nan ne ake cin kasuwar. Ana cewa za a ɗauki mutane sai ka ga an raba ofa kamar goron suna, ciyaman da nasa, mataimaki da nasa, kowane kansila da nasa, shugaban jam'iyya ma a kai masa gida, wani ya ba ɗansa da ke karatu a wani gari, wani ya sayar, ƙarshen wata alat ya shigo wa mutumin da bai ma san ƙofar ofishinsa ba. Sannan a zo a naɗa masu ba da shawara rututu, na matasa, na soshiyal midiya, na wannan na wancan, ko kujerar zama ba su da ita amma alawus ɗinsu ba ya makara.

A daidai lokacin kuma ungozoma ta yi ritaya a asibitin sha-ka-tafi ba a maye gurbinta ba, 'yan sa-kai ne ke riƙe da wurin shekara da shekaru suna jiran a tabbatar da su. Masu shara da masu yashe kwata har yanzu na wucin gadi ne, in sun yi magana a ce babu gurbi. Haba jama'a! Gurbin ai yana nan, wani ne ke kwance a kai.

Kasafin kuwa, Allah na tuba, sau da yawa na bara ne ake ɗaukowa a canza shekara a ƙara 'yan alƙaluma. Aikin kansiloli ne su zauna su bi shi layi-layi su tambayi ma'aji, amma nawa ne a cikinsu suka taɓa buɗe shi? A kira zama, a ba da kuɗin zama, a ɗaga hannu, shi kenan. Shi ya sa za ka ga kwalbati ɗaya yana fitowa a kasafi duk shekara kuma duk damina ruwa ya ci gidajen mutane a wurin. Kuɗin tikitin kasuwa da na tasha ma kar a tayar da maganar.

Masu cewa gwamnoni ne kaɗai matsalar su dubi Abuja mana. Can babu gwamna, zaɓen ƙananan hukumominsu shida ma INEC ce ke yi, amma a 2025 malaman firamare sun fi wata uku suna yajin aiki saboda ba a biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, yara na zaune a gida, sai da ministan Abuja ya shiga tsakani.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar gyaran tsarin mulki. Duk wata a manna a allon sakatariya nawa ya shigo nawa ya fita, tunda dama ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma, sai mu kwatanta. A manna sunayen ma'aikata da inda kowa yake aiki, mutanen unguwa sun fi kowane kwamitin tantancewa sanin wanda ba ya zuwa. Kasafi kuma kowane kansila ya karanta shi da Hausa a mazaɓarsa kafin ya ɗaga hannu. 'Yan NULGE, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, su ma, yadda suke ɗaga murya kan 'yanci, su ɗaga kan ma'aikatan bogi, don su suka fi sanin su.

Kai ma Malam Edita, ka tura wakilanka sakatariyoyi su nemi kwafin kasafin bana, ku buga mana wa ya bayar wa ya hana.

Wassalam, naka mai karatu,
tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma.